Ƙiba, rama da jinin haila: amsar tambayoyin da mata suka fi yi

Duk macen da ta yi jiki kuma haihuwa ta yi mata jinkiri, da wuya a ce ba ta taɓa jin wannan magana ba, ko daga uwar miji, ko maƙwabciya, ko mai tallar magani da lasifika a bakin kasuwa: wai kitse ne ya rufe mata mahaifa. Siririya kuma idan al'adarta ta ɗauke, sai a ce jini ne ba ta da shi. Maganganun biyu sun gogi gefen gaskiya amma ba su shiga cikinta ba. Ga tambayoyin da suka fi yawo a layin awo, a gidan suna da kuma cikin waya tsakanin ƙawaye.

Wai da gaske ne kitse yana rufe bakin mahaifa?

Ba ya rufewa. Mahaifa tsoka ce da ba ta wuce dunƙulen hannu ba, tana can ƙasan mara tsakanin mafitsara da dubura, kuma babu kitsen da ke taruwa a cikinta ko a bakinta. Teɓar da ake damƙa da hannu a ƙarƙashin fata take, wani kitsen kuma yana lulluɓe da hanji. Da toshewa ce, da babu mace mai jiki da za ta haihu, alhali kowa ya san Hajiyar da da ƙyar take shiga a-daidaita-sahu amma 'ya'yanta goma.

Sai dai masu wannan magana sun lura da abin da yake faruwa: mata masu ƙiba sosai sun fi fama da rikicewar haila da jinkirin samun ciki. Dalilin ne suka kuskure. Kitse saƙo yake zubawa cikin jini, saƙon ne kuma ke hana ƙwai fita daga gidansa.

Wane irin saƙo kuma? Me ya haɗa kitse da jinin da ke fita daga mara?

Haila daga kai take somawa. A gindin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ke sakin sinadari kaɗan-kaɗan, kamar ɗigon famfo, kusan duk bayan awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi a farkon zagayen wata. Ɗigon nan ne ke tada wata ƙwaya mai girman wake da ke ƙarƙashinsa, ita kuma ta aika wa gidajen ƙwai guda biyu umarni su nuna ƙwai. Yayin da ƙwan ke nuna, gidan ƙwai yana fitar da sinadarin istirojin, wanda ke yi wa mahaifa shimfiɗa mai kauri. Da zarar ƙwan ya fita, sai wani sinadarin, furojestaron, ya karɓi aiki, ya riƙe shimfiɗar nan kimanin mako biyu. In ciki bai shiga ba, sinadaran su yi ƙasa, shimfiɗar ta zubo. Wannan zubowa ita ce haila.

Abin riƙewa a nan shi ne, hailar da ke zuwa kan lokaci galibi shaida ce cewa ƙwai na fita. In ƙwai ya daina fita, lissafin kwanaki sai ya wargaje.

Kitse yana shiga wannan zance ta ƙofa uku. Ta farko, yana fitar da wani sinadari mai suna leftin, wanda Jeffrey Friedman da abokan aikinsa suka gano a Jami'ar Rockefeller da ke New York a 1994. Kafin wannan shekara yawancin mutane na ɗaukar kitse a matsayin ajiya kawai. Leftin shi ne ɗan aiken da ke sanar da ƙwaƙwalwa abin da ya rage a rumbu. Ciki da shayarwa ɗawainiya ce mai cin abinci, don haka ƙwaƙwalwa ba ta yarda a shiga hidimar sai ta ji cewa rumbu na da hatsi. Ta biyu, kitse da kansa yana ƙera istirojin: yana ɗaukar wasu sinadarai na maza, waɗanda kowace mace ke da su kaɗan, ya juya su zuwa na mata. Ta uku, kitse mai yawa, musamman na tumbi, yana sa jiki ya daina sauraron insulin, sinadarin da ke shigar da sukari cikin tsoka. Jiki sai ya ƙara yawan insulin ɗin, shi kuma ya zuga gidan ƙwai ya riƙa fitar da sinadarin maza fiye da kima. Ƙwai ba ya nuna da kyau a wannan yanayi.

Na rame sosai a 'yan watannin nan, al'adata kuma ta ɗauke. Jini ne ya ƙare mini?

Kafin komai, 'yar'uwa, in kina da aure ko akwai yiwuwar ciki, ki yi gwajin fitsari. Babu abin da ya kai ciki yawan ɗauke haila, kuma laulayi kansa yana ramar da mace.

In ba ciki ba ne, to jininki bai ƙare ba. Ƙwaƙwalwa ce ta duba rumbu ta ga ya yi ƙasa, sai ta rage ɗigon nan da muka ambata, gidan ƙwai ya kwanta barci, shimfiɗar mahaifa ba ta yi kaurin da za ta zubo ba. Tattali ne irin na uwargidan da ta ga hatsi ba zai kai kaka ba, ta fasa gayyatar baƙi.

An ga wannan a fili a ƙasar Holan a lokacin sanyin 1944 zuwa 1945, ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da sojojin Jamus suka tare hanyar abinci zuwa yammacin ƙasar har rabon da hukuma ke bayarwa ya faɗi ƙasa da kalori 1,000 a rana (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki). Mata masu yawa haila ta ɗauke musu, bayan wata tara haihuwa ta ragu ƙwarai, da aka samu abinci bayan watan Mayun 1945 kuma abin ya dawo.

A shekarun 1970 wata mai bincike a Jami'ar Harvard, Rose Frisch, ta kawo lissafin da ya shahara: yarinya na bukatar kitse kimanin kashi 17 cikin ɗari na nauyinta kafin ta fara haila, da kimanin kashi 22 kafin hailar ta riƙa zuwa a kai a kai. Masana da suka biyo baya sun nuna cewa babu lamba ɗaya da ta hau kan kowace mace, kuma abin da ƙwaƙwalwa ta fi kula da shi shi ne giɓin da ke tsakanin abin da aka ci da abin da jiki ya ƙona a kullum. Amma tushen maganarta ya tabbata. A 2004 wasu likitoci a Boston suka yi wa matan da haila ta ɗauke musu saboda motsa jiki ko rama allurar leftin, sai ƙwai ya dawo fita ga wasu daga cikinsu ba tare da sun ƙara nauyi ba. Wato an yaudari ƙwaƙwalwa da labarin cewa rumbu ya cika.

Wannan giɓi shi ya sa 'yan wasan tsere da na ƙwallo da masu karɓar horon soja ko na 'yan sanda kan rasa haila ko da ba su yi ramar a-zo-a-gani ba. Shi ne kuma ke samun 'yar makarantar kwana wadda al'adarta ke ɓacewa tsakiyar zango ta dawo lokacin hutu, ga ƙarancin abinci ga fargabar jarrabawa. Tashin hankali shi kaɗai, mutuwa ko saki ko gudun hijira, yana iya rufe wannan famfo.

Ruwa dai ba ya tsami banza. Ramar da ba ke kika neme ta ba tana bukatar bincike: tarin fuka, ciwon suga, cuta mai karya garkuwar jiki, da ƙwayar maƙogwaro mai aiki fiye da kima duk suna ramarwa kuma suna taɓa haila.

In dai ba ciki nake nema ba, ai hutu na samu. Ina laifin ɗaukewar?

Ƙashi ne ke biyan kuɗin hutun. Istirojin yana taimaka wa ƙashi ya riƙe ƙarfinsa, kuma mafi yawan ƙarfin ƙashin mace ana gina shi ne daga balaga zuwa wajen shekara 30. Budurwar da ta shekara ɗaya ko biyu ba haila saboda rama tana asarar ginin da ba lallai ya dawo duka ba, sai ta manyanta abin ya bayyana da karaya ko ranƙwafawar baya. Ƙa'idar da likitocin mata ke bi ita ce: in hailarki mai zuwa kan lokaci ce ta yi wata uku ba ta zo ba, ko dama mai tsallake ce ta yi wata shida, a je asibiti.

In na mayar da jikina, yaushe za ta dawo?

Ba ranar da sikeli ya nuna ba. Takan ɗauki watanni, kuma sau da yawa sai mace ta ɗan zarce nauyin da take da shi lokacin da jinin ya ɗauke. A kula: ƙwai ke fara fita kafin jini ya zo, don haka ana iya ɗaukar ciki ba a ga haila ko sau ɗaya ba.

Ni kuma ƙiba ce. Sai in yi wata biyu ko uku ban gani ba, in ya zo kuma kamar an yanka rago. Me ke kawo haka?

Wannan shi ne hoton da aka fi gani a ƙiba, kuma dalilinsa a bayyane yake in an tuna da sinadarai biyun nan. Istirojin yana nan birjik, wani daga gidan ƙwai wani daga kitse, yana ta jibga shimfiɗa. Furojestaron kuwa ba ya samuwa sai ƙwai ya fita. Tunda ƙwai bai fita ba, babu mai tsayar da ginin, babu kuma mai sa ranar zubowa. Shimfiɗar sai ta yi ta kauri har ta fi ƙarfin jijiyoyin da ke ciyar da ita, sannan ta fara ɓantarewa yadda ta ga dama: yau ɗigo, gobe gudaji, wani lokaci mako uku ana abu ɗaya.

Likitoci na ɗaukar zagayen da ke tsakanin kwana 21 zuwa 35 a matsayin daidai ga babbar mace, wasu kuma su ce 24 zuwa 38, ana ƙirgawa daga ranar farko ta wannan jini zuwa ranar farko ta na gaba. Jinin kansa bai kamata ya wuce kwana 8 ba. In kina canza ƙunzugu ko audugar mata duk awa ɗaya ko biyu, ko gudajin sun kai faɗin murfin kwalbar lemo, ko kina jiri da haki in kin ɗan yi tafiya, jinin ya yi yawa kuma ƙarancin jini na iya biyo baya.

Akwai abin da ya fi ƙarancin jini nauyi. Shimfiɗar da ta shekara da shekaru tana kauri ba furojestaron tana iya rikiɗewa, kuma ƙiba na cikin manyan abubuwan da ke ƙara haɗarin sankarar cikin mahaifa. Saboda haka ne likita kan ba macen da ke wuce wata uku ba haila maganin da zai sa shimfiɗar ta zubo lokaci-lokaci, ko ya ba ta shawarar wata hanyar tazarar haihuwa da ke kare ta.

Likita ya ce ina da PCOS. Ƙibar ce ta jawo shi, ko shi ne ya jawo ƙibar?

PCOS rikicewar sinadaran jiki ce da ke hana ƙwai fita kan lokaci. Tambayar kuwa ta kaza da ƙwai ce, kuma amsar ita ce kowanne na ingiza ɗan'uwansa. Wasu likitoci biyu a birnin Chicago, Stein da Leventhal, su suka bayyana wannan matsala a 1935. Tana samun kusan mace ɗaya cikin goma a shekarun haihuwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce da yawansu ba su ma san suna da ita ba. Tun bayan taron masana da aka yi a Rotterdam a 2003, ana tabbatar da ita ne in an samu biyu cikin abubuwa uku: haila mai tsallake, alamun yawan sinadarin maza, da hoton gidan ƙwai ɗauke da ƙananan ƙwayaye jere da suka fara nuna suka tsaya. Waɗannan ƙwayaye ba ƙari ba ne, ba kuma abin yi wa tiyata ba ne, duk da yadda jin labarinsu ke tsinka zuciyar mata a ɗakin hoto.

Alamun sinadarin maza su ne gashi a haɓa da saman leɓe da ƙirji, ƙurajen fuska da ba sa jin magani, da zubewar gashin tsakiyar kai. Akwai wata alama da ake yi wa mummunar fahimta: baƙin da ke fitowa a bayan wuya da hammata da matsematsi, mai ɗan kauri da laushi. Ana ɗauka dauɗa ce, a yi ta dirza da soso, wasu har su koma man bilicin. Insulin ne ya yi yawa a jini, kuma gargaɗi ne a gwada suga.

Akwai gado a cikin lamarin, kuma akwai sirara masu PCOS, don haka kada wadda ke da shi ta ɗora wa kanta laifin wai cin abincinta ne ya jawo. Abin da aka tabbatar shi ne ƙarin nauyi yana tsananta shi, rage nauyi kuma yana sassauta shi.

Matata ta yi jiki bayan aure, al'adarta ta rikice, shekara biyu shiru. Kilo nawa za ta rage?

Malam, ba sai ta koma yadda ka gan ta ranar ɗaurin aure ba. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin jiki ya isa ya dawo da fitar ƙwai ga mata da yawa. In tana da kilo 90, maganar kilo huɗu da rabi zuwa tara ake yi, cikin kamar wata shida. Wataƙila ko tela ba zai lura ba, amma gidan ƙwai zai lura.

Inda aka fi samun sauƙin ragewa a gidajenmu shi ne abin sha: lemon kwalba, shayi mai cokali huɗu na sukari, zoɓo da kunun aya da ake zuba wa sukari kamar ba gobe. Bayan su sai fanke da cincin da malmalar tuwo ta uku. Wake, zogale, alayyahu, kuɓewa, ƙwai da kifi su ƙaru, gero da dawa da acca da ba a cire musu dusa duka ba su fi yawa a kan farar shinkafa da taliya. Tafiyar ƙafa mai ɗan sauri ta minti 30, kwana biyar a mako, tana gyara aikin insulin ko da sikeli bai motsa ba. In ba ta fita, tsakar gida ma fili ne. Kuma tukunya ɗaya ce a gidan: ba zai yiwu kai kana shigowa da tsire da lemo da daddare ita tana kallo ba.

Sannan shekara biyu ta wuce lokacin jira. Shekara ɗaya ba ciki ita ce iyakar da ake zuwa asibiti, wata shida in ta haura shekara 35, kuma tare ake zuwa, domin gwajin maniyyi na cikin gwaje-gwajen farko, kuma kaso mai yawa na rashin haihuwa daga ɓangaren namiji yake. Akwai magungunan da ke sa ƙwai fita, amma likita ke bayar da su yana bibiya da hoto. Sayensu a kemis bisa shawarar ƙawa caca ce.

Ta yaya zan san nauyina ya yi yawa ko ya yi kaɗan?

Ma'aunin da asibitoci ke amfani da shi, BMI, lissafi ne mai sauƙi: a ninka tsawo a mita da kansa, a raba nauyi a kilo da abin da ya fito. Mace mai tsawon mita 1.6, in an ninka ya ba da 2.56. In nauyinta kilo 80 ne ta samu 31, in kilo 45 ne ta samu 17.6. Ƙasa da 18.5 rama ce, daga 18.5 zuwa 24.9 daidai, 25 zuwa 29.9 nauyi ya ɗara, 30 zuwa sama ƙiba. Ga mai wannan tsawo, daidai yana tsakanin kilo 47 da 64.

Ni dai na fi yarda da tef ɗin tela, don BMI bai san bambancin tsoka da kitse ba, bai kuma san inda kitsen ya zauna ba. Kitsen ƙugu da cinya bai kai na tumbi ɓarna ba. A auna tsakiyar ciki, wajen saitin cibiya, ba tare da an tsuke numfashi ba. Santimita 80, kimanin inci 31 da rabi, nan haɗari ke farawa ga mace. Daga 88, kusan inci 35, ya ƙaru sosai. Hanya mafi sauƙi: zagayen ciki kada ya kai rabin tsawonki.

Bikina ya matso, ƙawaye sun ce in sha sha-ka-fashe in ciko. Zai taɓa al'adata?

Zai iya, kuma wannan ne mafi ƙanƙantar illarsa. Abin da ake sayarwa da wannan suna galibi ɗayan biyu ne ko haɗinsu. Akwai maganin ƙaiƙayi da mura mai buɗe ciki da sa barci. Akwai kuma deksametason da danginsa, magani mai ƙarfi da likitoci ke bayarwa don asma da kumburi, na ɗan lokaci kuma da awo. Shi wannan na biyun ba cikowar lafiya yake kawowa ba. Fuska ta kumbura ta yi zagaye, kitse ya taru a tumbi da doron wuya, hannu da ƙafa su sirance, nankarwa mai faɗi ta fito, suga da hawan jini su biyo, ƙashi ya yi rauni. Yana kuma danne saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa gidan ƙwai, sai haila ta rikice ko ta ɗauke. Amaryar da ake so ta samu ciki da wuri, an ba ta abin da ke hana ƙwai fita.

In kin riga kin daɗe kina sha, kada ki daina rana ɗaya. Jiki ya saba, yankewa farat ɗaya na iya kai mutum gadon asibiti. Ki kai wa likita kwalin ya tsara miki yadda za a rage shi a hankali.

Shayin rage tumbi fa?

Yawancinsu maganin gudawa ne irin filasko, ko mai sa fitsari. Ruwa suke fitarwa, kitsen na nan. Haɗa su da yunwar gangan, wato wuni da kokwamba ɗaya, yana iya jefa mace mai jiki cikin irin ɗaukewar hailar da ke samun ramammu, domin ƙwaƙwalwa na jin faɗuwar abinci farat ɗaya tun kafin rumbu ya ƙare.

'Yata shekararta 10, tana da jiki, har ta fara al'ada. Yayarta siririya kuma sai da ta kai 15. Lafiya kuwa?

Mama, duk biyun suna cikin iyaka. Yara mata masu jiki kan riga takwarorinsu balaga, saboda leftin ya sanar da ƙwaƙwalwa da wuri. A ƙasashen arewacin Turai, tsakiyar ƙarni na 19, 'yan mata kan fara haila wajen shekara 16 zuwa 17, da abinci da lafiya suka inganta sai ya sauko wajen 13. Galibi jini kan zo shekara biyu zuwa uku bayan ƙirgen dangi, kuma tsallaken wata a shekara ta farko da ta biyu ba abin tada hankali ba ne.

Inda za a nemi likita shi ne in ƙirji ya fara fitowa kafin shekara 8, ko yarinya ta kai 13 babu alamar ƙirji, ko ta kai 15 ba ta ga jini ba. Masu ciwon sikila sukan yi jinkirin balaga da shekara ɗaya ko biyu, haka ma yaran da suka sha fama da ƙarancin abinci.

Jinin da bai fita ba, ba shi ne ke taruwa ya zama ƙiba ko kwantaccen ciki ba?

Babu tafkin jini da ke jiran fita. Ga ramammiya da mai shayarwa da mai allurar tazara, shimfiɗar ce ba ta ginu ba. Ga mai ƙiba kuwa shimfiɗa ce ta yi kaurin da ake aunawa da milimita, abin da ba zai ɗaga ciki ba balle ya ƙara kilo. Ƙibar da ɗaukewar jinin tushensu ɗaya ne, shi ya sa ake ganinsu tare.

Matar da ta shekara ba haila, tumbi na ƙaruwa, ana ce mata ciki ne ya kwanta, hoton ciki na minti goma zai raba gardama. Abin da aka fi tararwa shi ne ƙwai ne ba ya fita, ko ƙarin mahaifa ne, wanda ya fi yawa ga mata baƙar fata kuma ƙiba na ƙara haɗarinsa, ko cikin da ya lalace bai fita ba, wanda barinsa haɗari ne.

Tunda na fara allurar wata uku na yi ƙiba, jini kuma ya ɗauke.

Duka biyun sanannu ne ga wannan allura. Kusan rabin masu yin ta ba sa ganin jini bayan shekara ɗaya, saboda tana sirantar da shimfiɗar mahaifa, kuma wannan ba cuta ba ce. Wasu na ƙara nauyi. In ya dame ki, ki koma wurin da aka yi miki a canza wata hanyar. Bayan dainawa, haila da haihuwa kan ɗauki watanni, har kusan shekara, kafin su daidaita.

Me ya sa nake ƙara nauyi duk sa'ad da al'ada ta kusa?

Ruwa ne jiki ke riƙewa, ga kumburin ciki ga kwaɗayin zaƙi. Kilo ɗaya ko biyu ne, yana tafiya bayan jini ya fara. Ki daina hawa sikeli a wannan mako.

Jinina na wuce kwana goma sha, na rasa yadda zan yi da sallah.

Hukunci na malamai ne, kuma a mazhabar Malikiyya da aka fi bi a ƙasar Hausa an san cewa haila ba ta wuce kwana 15, mai al'ada kuma tana ƙara kwana uku a kan kwanakin da ta saba, abin da ya wuce nan jinin ciwo ne. Abin lura shi ne malamai da kansu ciwo suka kira shi. Mata da yawa na samun amsar malam su yi wanka su ci gaba da sallah, asibitin kuma a manta da shi shekara da shekaru. Ga mai ƙiba musamman, irin wannan jini ne ke bukatar a duba kaurin shimfiɗar mahaifa, a kuma gwada yawan jini.

Na haura 50, haila ta tsaya shekara biyu, yanzu kuma na ga jini. An ce masu jiki haka suke.

Hajiya, kada ki karɓi wannan magana. Gaskiya ne bayan gidan ƙwai ya yi ritaya, kitse ne babbar hanyar samun istirojin, don haka mai jiki na iya ci gaba da gina shimfiɗa ba tare da ta sani ba. Amma wannan dalili ne na gaggawa. Duk jinin da ya zo bayan shekara guda da tsayawar haila, ko ɗigo ɗaya ne, sai likitan mata ya gani. Mafi yawa ba sankara ba ce, wadda ta kasance ita ce kuma tana warkuwa sosai in an kama ta da wuri.

In zan je asibiti, me zan tafi da shi?

Ranakun da jini ya fara da ranakun da ya ɗauke na wata shida da suka wuce, a rubuce a takarda ko a waya, ko da lissafin watan Musulunci kika saba. Nauyinki na da da na yanzu in kin sani, in ba ki sani ba ki faɗi yadda kayanki suka matse ko suka yi miki yawa da kuma tun yaushe. In nono na fitar da ruwa alhali ba kya shayarwa, ki faɗa ko ba a tambaye ki ba, haka in kina yawan jin sanyi da kasala da taurin bayan gida, don waɗannan na nuna wasu sinadaran ne daban, na nono da na ƙwayar maƙogwaro, kuma gwajin jini ke gano su. Sai kuma duk abin da kike sha, a zuba a leda ɗaya: na kemis, na tazara, na ƙiba, na rage tumbi, tsumi da garin gyaran jiki, har da ƙwayar ɗage haila da aka sha lokacin azumi ko aikin Hajji.